Milimita 1.3: Janar Lew Allen da madubin Hubble

A ranar 24 ga Afrilu, 1990, kumbon Discovery ya tashi daga jihar Florida ɗauke da na'urar hangen sararin samaniya ta Hubble, wadda Amurka ta kashe wa fiye da dala biliyan ɗaya. Wata biyu bayan haka, hukumar NASA ta tara 'yan jarida ta shaida musu cewa na'urar tana gani dishi-dishi. Maimakon tauraro ya fito a hoto kamar ɗigo mai kaifi, sai ya fito da hazo kewaye da shi. Laifin yana jikin babban madubin, mai faɗin mita 2.4, wanda aka gama gogewa tun 1981, aka ajiye shi shekaru ana yabonsa a matsayin ɗaya daga cikin madubai mafiya santsi da hannun ɗan Adam ya taɓa yi. A watan Yuli aka kafa kwamitin bincike, aka damƙa shugabancinsa ga wani janar mai ritaya, Lew Allen, wanda a lokacin yake jagorantar cibiyar JPL da ke Pasadena.

Zaɓen nasa yana da tushe, kuma sai an koma baya shekara arba'in ake ganinsa.

An haifi Allen a 1925, ya girma a jihar Texas, ya kammala makarantar horar da hafsoshi ta West Point a 1946, bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu. Ya tuƙa manyan jiragen jefa bama-bamai, B-29 da B-36, a rundunar da aka ɗora wa ɗaukar makaman nukiliya. A 1950 rundunar sojan sama ta tura shi Jami'ar Illinois, inda ya sami digirin digirgir a kimiyyar fiziks a 1954. Daga can aka kai shi Los Alamos, cibiyar da aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko, sannan sansanin Kirtland a New Mexico. Aikinsa a shekarun nan shi ne auna abin da ke faruwa idan aka tayar da bam can sama da iskar duniya: ana harba rokoki ɗauke da na'urori domin ƙidaya ƙwayoyin lantarkin da maganaɗisun duniya ke tarewa bayan fashewar. Irin wannan gwaji ba ya maimaituwa a sauƙaƙe. Idan na'urar awon ta yi ƙarya, duk abin da aka rubuta a rahoto ƙarya ne, kuma babu bam na biyu da za a tayar gobe don a gyara.

Daga 1961 ya bar ɗakin gwaji ya koma ofis, a ma'aikatar tsaro, sashen fasahar sararin samaniya. Tsakanin 1965 da 1973 ya yi mafi yawan aikinsa a wani sashe mai suna maras jan hankali, Ayyuka na Musamman, wanda a bayan labule shi ke kula da taurarin ɗan Adam na leƙen asiri da ke ɗaukar hoton Tarayyar Sobiyet. A 1971 ya zama shugaban sashen. A shekarar ce aka harba tauraron HEXAGON na farko, wanda kamfanin Perkin-Elmer ya ƙera kyamararsa a garin Danbury na jihar Connecticut. Gwamnati ba ta buɗe sirrin shirin ba sai 2011. Wannan kamfani da wannan gari su ne suka goge madubin Hubble.

A watan Agustan 1973 aka naɗa shi shugaban NSA, hukumar sauraren sadarwa, wadda a lokacin gwamnati ba ta ma son a ambaci sunanta. Ya tarar da wani shiri da aka fara a 1967, inda wasu hukumomi kamar FBI da CIA ke aiko da sunayen Amurkawa, ciki har da masu adawa da yaƙin Biyetnam da masu fafutukar 'yancin baƙar fata, domin a tsinto saƙonninsu na ƙetare. An dakatar da shirin a cikin watanninsa na farko. A 1975 ya zama shugaban hukumar na farko da ya ba da shaida a bainar jama'a a gaban majalisa, kuma a ranar 29 ga Oktoba ya zauna gaban kwamitin Sanata Frank Church ya tabbatar da cewa sunayen Amurkawa fiye da dubu ɗaya sun shiga jerin. Bai kamata a mayar da shi gwarzon tonon silili ba. Ya faɗi abin da aka yarje masa ya faɗa, ya kare hukumarsa iya ƙarfinsa, kuma batun kwafen telegiram da kamfanoni suka riƙa miƙa wa gwamnati tun 1945 kwamitin ne ya fito da shi fili, gwamnati tana ja. Sai dai ya ga da idonsa yadda aiki ke karkacewa shekara da shekaru idan waɗanda ke yinsa su kaɗai ne ke da izinin duba shi. Daga wannan bincike aka sami dokar 1978 da ta wajabta neman izinin kotu ta musamman.

Ya zama babban hafsan sojan sama daga 1978 zuwa 1982, kujerar da aka saba ba waɗanda suka yi suna a fagen fama, shi kuwa sunansa a lissafi da kwangila ya yi shi. Da ya tuɓe kaki sai ya karɓi JPL, cibiyar da jami'ar Caltech ke gudanarwa a madadin NASA, a daidai lokacin da ake zaftare kuɗin binciken duniyoyi har cibiyar ta fara karɓar aikin soja don riƙe ma'aikatanta. Masana da yawa sun yi ɗari-ɗari da zuwan tsohon shugaban 'yan leƙen asiri. A zamaninsa ne Voyager 2 ya gifta Uranus a 1986 da Neptune a 1989, aka kuma harba Magellan da Galileo a 1989 bayan jinkirin da hatsarin Challenger ya jawo.

Mutumin da aka ba binciken Hubble, ashe, ya san awo, ya san kwangila, ya kuma san ɗakin da ake kullewa. Rahoton kwamitinsa ya fito a watan Nuwamban 1990, kuma abin da ya gano ƙarami ne har ya ba da haushi.

Ba a iya auna lanƙwasar madubi irin wannan da ido ko da ma'aunin hannu. Ana haɗa wata na'ura ta musamman mai ƙananan madubai biyu da gilashin tattara haske guda, a haska babban madubin ta cikinta, a duba zanen da hasken ya dawo da shi. Idan zanen ya miƙe, madubin ya yi daidai. Don a sa gilashin a gurbinsa, an yi amfani da wani sandan ƙarfe mai sanannen tsawo, an rufe kansa da hula mai ɗan rami, an shafe hular da fenti maras ƙyalli domin hasken awo ya bi ta ramin ya dawo daga kan sandan kaɗai. Wani ɗan ɓangare na fentin ya ɓare. Hasken ya dawo daga jikin hular, aka ɗauka kan sandan ne. Gilashin ya kauce daga mazauninsa da milimita 1.3. Da masu haɗawa suka ga abin ɗaurewar ya ƙi kaiwa inda awon ya nuna, sai suka cusa 'yan zobban ƙarfe, irin waɗanda makanikai ke kira washa, suka cike gibin, suka ci gaba.

Daga nan aka shafe watanni ana goge madubin cikin matuƙar ƙwarewa, ana bin umarnin na'urar da ta riga ta karkace. Lotsattsen mudu ba ya saɓa wa kansa: sau ɗari aka auna da shi, sau ɗari zai ba da amsa ɗaya. Gefen madubin ya fito a baje fiye da kima da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin mutum ba, kuma a aikin haske wannan babbar ɓarna ce.

Ɓarewar fenti tsautsayi ne da kan iya samun kowa. Abin da kwamitin ya fi tsayawa a kai shi ne cewa akwai wasu na'urorin awo guda biyu, masu sauƙin haɗi, da aka yi amfani da su a lokacin aikin, kuma dukansu sun nuna akwai matsala. Aka yi watsi da shaidarsu bisa hujjar cewa babbar na'urar ta fi su inganci, alhali ba a sake tantance ita kanta ba bayan an haɗa ta. Sashen da ke gogewar yana aiki ne a rufe, ba ya son masu sa ido, kuma sakamakon da ya saɓa bai kai ga waɗanda za su iya tsayar da aiki ba. Rahoton bai bar NASA ba. Hankalin manajojinta ya tafi ga kuɗin da ke ta hauhawa da lokacin da ke ƙurewa, ba ta kuma ajiye isassun masana madubi a wurin da za su nemi ganin ɗanyen sakamakon da idonsu ba. Hotunan awon da ke ɗauke da shaidar kuskuren suna nan a ajiye tun 1981, sai da kwamitin ya zo aka karanta su yadda ya kamata.

Amfanin binciken ya wuce raba laifi. Tunda an tarar da na'urar awon a Danbury yadda aka bar ta, an iya auna girman kuskuren daidai, aka gwada shi da abin da hotunan Hubble ke nunawa daga sama, lissafin biyu suka haɗu. Madubin da ya karkace bisa ƙa'ida sananniya ana iya yi masa tabarau. JPL ta riga ta fara haɗa sabuwar kyamara domin Hubble, sai aka sassaƙa ƙananan madubanta da kishiyar karkatar, yadda kuskure zai soke kuskure.

Allen ya bar JPL a ƙarshen 1990, makonni kaɗan bayan miƙa rahoton. A watan Disamban 1993 'yan sama-jannatin kumbon Endeavour suka fita sau biyar, suka saka sabuwar kyamarar tare da wani akwatin madubai na gyara domin sauran na'urorin, kuma a Janairun 1994 hotunan suka fito garau. Babban madubin kansa ba a taɓa shi ba, yana can har yau da karkatarsa. Allen ya rasu a jihar Virginia a ranar 4 ga Janairu, 2010, yana da shekara 84, fiye da shekara guda kafin a ba da izinin faɗin abin da ake ƙerawa a ɗaya ɓangaren masana'antar Danbury.