Edward Bernays: Hajar da Ya Fi Iya Tallatawa Ita Ce Kansa

Duk wanda ya shigo sana'armu ta talla da hulɗa da jama'a, ba ya daɗewa sai an ba shi labarin Edward Bernays. A ce masa shi ne uban sana'ar, shi ya koya wa matan Amurka shan taba, kuma sirrinsa ilimin halayyar ɗan Adam da ya gada wajen kawunsa Sigmund Freud. Dangantakar gaskiya ce, mahaifiyarsa ƙanwar Freud ce. An haife shi a Ostiriya a 1891, ya rasu a Amurka a 1995 yana da shekara 103. Wannan tsawon rai ne mabuɗin lamarin. Sa'o'insa sun riga shi kwanta dama, ya rage shi kaɗai yana ba 'yan jarida tarihin sana'ar yadda ya ga dama, ga kuma ƙaton littafin rayuwarsa da ya fitar a 1965. Yawancin abin da muke maimaitawa a kansa daga bakinsa ya fito, kamar maroƙin da ya yi wa kansa kirari har jama'a suka ɗauka.

A duba maganar taba. Ranar Ista ta 1929, kamfanin da ke yin sigarin Lucky Strike ya biya shi, ya shirya wasu 'yan mata kimanin goma suka kunna sigari a tsakiyar jerin gwanon birnin New York, aka kira abin da fitilun 'yanci, jaridu suka buga. Wannan ya faru. Amma tun 1924 ake tallata wa mata sigarin Marlboro. A 1925 kwalejin mata ta Bryn Mawr ta ɗage haramcin shan taba ga ɗalibanta, a 1926 kuma tallar sigarin Chesterfield ta nuna budurwa tana sha'awar hayaƙin saurayinta. Matan birni da dama sun shiga aikin albashi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sun sami 'yancin zaɓe a 1920. Bernays ya tarar da kasuwa tana ci, ya ƙara mata armashi.

Haka batun zama uban sana'a. Tun 1906 wani ɗan sana'ar mai suna Ivy Lee ya raba wa jaridu sanarwa a madadin kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania bayan wani haɗari, lokacin Bernays yana ɗan makaranta, domin sai 1919 ya buɗe ofishinsa. A ofishin ma, matarsa Doris Fleischman abokiyar aikinsa ce, ta rubuta jawabai da sanarwa masu yawa, amma sunan mijin ake ji.

Wani zai ce to ai rage masa girma zalunci ne, tunda shi ya rubuta Crystallizing Public Opinion a 1923, ya kuma koyar da darasin hulɗa da jama'a a Jami'ar New York a shekarar. Wannan haƙƙinsa ne, ya ba sana'ar suna da tsari. Wani kuma zai ce in an nuna bai yi abin da ake faɗa ba, an wanke shi ke nan. Ba haka ba ne. Laifinsa na haƙiƙa yana cikin takardunsa da ke ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. 'Yan jaridan da suka ɗauki hoton 'yan matan nan ba a gaya musu kamfanin taba ne ya shirya abin ba. Sannan da gwamnatin Jacobo Arbenz ta Gwatamala ta karɓe filayen da kamfanin ayaba na United Fruit ya bari ba noma, Bernays ne ya riƙa kai 'yan jaridan Amurka ƙasar, yana cusa musu cewa gwamnatin ta 'yan gurguzu ce. A 1954 hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya juyin mulkin da ya kifar da ita. Ko a nan ba shi kaɗai ba ne, amma hannunsa a bayyane yake.

Masu yabonsa da masu tsine masa sun haɗu a wuri guda: duk sun yarda shi mai sihiri ne da ke juya zukatan miliyoyi, wato sun sayi hajar da ya tallata musu. Saboda haka, in wani gwanin talla ya ce shi ya sauya ɗabi'ar al'umma, a tambaye shi yadda ciniki yake kafin ya zo, da wanda ya biya shi, da kuma wanda ya shaida banda shi kansa.