Yadda Kotunan Ingila Suka Fara Raba Laifi

A shekarar 1809 wata kotun Ingila ta yanke hukunci kan ƙarar wani mutum mai suna Butterfield. Ya taho a sukwane bisa doki da almuru a garin Derby, ya yi karo da sandar da wani mai gyaran gida ya gitta a hanya. Kotu ta hana shi diyya, domin da ya tafi a hankali da ya hango sandar.

Wannan hukunci ya zama ƙa'ida: wanda ke da hannu a abin da ya same shi, komai ƙanƙantarsa, ba ya samun ko sisi. Da motoci suka yawaita, sai wanda ya tsallaka titi bai duba ba ya riƙa tashi a tutar babu, ko da direban na sheƙa gudu.

Dokar 1945 ce ta ba alƙalai ikon raba laifi, su rage diyya gwargwadon sakacin mai ƙara. A 1975 Lord Denning ya ƙayyade cewa wanda bai ɗaura bel ba zai rasa kashi 25 cikin 100 idan bel ɗin zai kare shi gaba ɗaya, ko kashi 15 idan rage raunin kawai zai yi.