Zanen Fuska da Bugun Sassaƙe a Ƙasar Zazzau

Zanen fuska kai tsaye shi ne mai zane ya zaunar da mutum a gabansa, ya riƙa dubansa yana sauke kamanninsa a takarda da fensir ko gawayi, ba tare da ya kwafa daga hoto ba. Bugun sassaƙe kuwa hanya ce ta fitar da hoto ɗaya sau da yawa: a sassaƙe zane a jikin katako ko roba, a shafa tawada a kan wuraren da suka rage a tashe, sannan a danna takarda a kai. Makarantun zane kan koyar da su tare, domin na farkon yana horar da ido, na biyun kuma yana tilasta wa hannu ya yanke shawara.

Mai koyon zanen fuska yakan fara da awo. Yakan miƙe hannu riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya gwada tsawon hanci da faɗin goshi. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne idanu suna tsakiyar kai ne, ba can sama ba inda hannu ke son kai su, kuma tazarar da ke tsakanin idanun biyu kusan faɗin ido ɗaya ce. Wanda aka zaunar ba ya tsayawa cak. Wuya na gajiya, haske na sauyawa. Shi ya sa malamai kan fara da zane na 'yan mintoci kafin a kai ga dogon zama.

Idan za a mayar da wannan fuska bugu, sai aikin ya sauya hali. Fensir yana da inuwa kala-kala, amma katako baƙi da fari kawai ya sani. Dole mai zane ya zaɓi inda kunci zai zama fari fat, da inda ƙasan haɓa zai zauna baƙi ƙirin. Ana ɗora zanen a juye, kamar yadda ake gani a madubi, in ba haka ba tabon da ke kuncin dama zai fito a hagu. Daga nan a ɗauki wuƙaƙen sassaƙa masu lanƙwasasshen baki a cire duk wurin da ake so ya fito fari. Abin da aka cire ya tafi ke nan, babu magogi. A ƙarshe a mirgina tawada, a ɗora takarda, a goge bayanta da cokali idan babu injin matsi. Yawancin ɗalibai lino suke amfani da shi, wato wata shimfiɗar daɓe mai kauri da aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860, saboda ya fi katako laushi kuma ba shi da jijiyar da za ta karkatar da wuƙa.

Fasahar tsohuwa ce. Littafin da ya fi daɗewa cikin waɗanda aka buga da katako kuma suke ɗauke da kwanan wata an yi shi a ƙasar Sin a 868. A Jamus, Albrecht Dürer, wanda ya rasu a 1528, ya kai ta wani matsayi babba. A Afirka ta Yamma ma akwai danginta: Asantawan Gana da ƙwarya suke sassaƙa hatiman da suke buga wa tufafin adinkra.

A Arewacin Najeriya, cibiyar wannan ilimi Zariya ce, kimanin kilomita 80 daga Kaduna. A 1955 aka dawo da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa can, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman farko galibi Turawan Ingila ne, kuma zanen mutum a zaune shi ne ƙashin bayan manhajarsu. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Laƙabin ya ɗan yi zafi, don ba su watsar da awon da aka koya musu ba. Abin da suka nema shi ne a haɗa shi da zanen gargajiya na ƙasarsu. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli na Ibo. Onobrakpeya, haifaffen 1932, shi ne ya fi riƙe bugu, har ya zama fitaccen mai wannan sana'a a Najeriya. Shi ya yi hotunan littafin Cyprian Ekwensi, An African Night's Entertainment, na 1962, labarin da ke gudana a ƙasar Hausa kuma ya yi kama ƙwarai da Jiki Magayi.

Abin lura shi ne babu Bahaushe cikin waɗannan fitattun sunaye, duk da cewa a Zazzau aka yi abin. Ƙarancin 'yan boko a Arewa a lokacin yana cikin dalilai, haka ma hadisan da suka yi gargaɗi kan surar abu mai rai, waɗanda malamai suka yi saɓani kan iyakarsu. Gwanintar Bahaushe ta fi karkata ga zanen bango, aikin wuyan riga, zayyanar allo da adon fata, inda dukawa kan danna ƙarfe mai zane a jikin fatar.

A cikin garin Kaduna, a unguwanni irin su Kurmin Mashi da Tudun Wada, bugun sassaƙen da jama'a suka fi sani shi ne hatimin roba na makarantu da ƙungiyoyi. Mai yin sa da hannu yakan yanka haruffa a juye da reza ko 'yar wuƙa, daidai da ƙa'idar da ake koyarwa a Zariya, ko da yake yanzu kwamfuta da inji sun karɓe yawancin aikin. Masu zanen fuska na kasuwa kuma, da yake mai ba da aiki ba shi da lokacin zama, galibi daga hoton da aka turo musu ta waya suke kwafa.