The Eyre Affair: Littafin da aka sace tauraruwar labari daga cikin shafi

The Eyre Affair ƙagaggen labari ne na barkwanci da al'ajabi, wanda marubucin Birtaniya Jasper Fforde ya wallafa a shekarar 2001. Shi ne na farko a jerin littattafan Thursday Next. Yana cikin nau'in adabin da ke sauya akalar tarihi, inda marubuci kan ɗauki abin da ya faru da gaske ya karkatar da shi, sannan ya bi sawun abin da zai biyo baya.

Duniyar labarin

An gina labarin ne a Ingila ta shekarar 1985, amma ba wadda aka sani ba. Yaƙin Kirimiya, wanda a zahiri ya ƙare a 1856, a nan ya haura shekara 130 ana gwabza shi da daular Rasha. Yankin Wales ya ɓalle ya zama jamhuriyar 'yan gurguzu. Wani katafaren kamfani mai suna Goliath ya fi gwamnati ƙarfin faɗa a ji. Adabi kuwa ya zama abin da jama'a ke ba hammata iska a kansa, har aka ware rundunar 'yan sanda ta musamman don yaƙar masu satar littattafai da masu buga na jabu. A wannan runduna Thursday Next take aiki, tsohuwar soja da ta rasa ɗan'uwanta a fagen daga.

Yadda labarin yake

Kawunta Mycroft ya ƙera wata na'ura da ke buɗe ƙofar shiga cikin littafi. Wani riƙaƙƙen mai laifi, Acheron Hades, ya ƙwace ta. Duk abin da aka sauya a rubutun asali yakan bayyana a kowane kwafi na duniya, don haka Hades ya fara da kashe wani ƙaramin ɗan labari daga littafin Martin Chuzzlewit na Charles Dickens. Daga nan ya yi garkuwa da Jane Eyre, tauraruwar littafin da Charlotte Brontë ta fitar a 1847. Da yake da bakinta ake ba da labarin, rashinta ya sa rubutun ya yanke a tsakiya.

Thursday ta shiga littafin ta mayar da Jane, amma garin haka ta sauya ƙarshensa. A duniyarsu Jane takan tafi Indiya ne. Bayan shigar Thursday sai ta koma ta auri Rochester, wato ƙarshen da masu karatu suka sani a zahiri.

Jigo

A ƙarƙashin raha akwai magana mai nauyi game da masu cin riba daga yaƙi. Goliath yana son na'urar ne domin ya fito da wata bindiga daga cikin littafin da ke bayaninta, don bindigar ba ta aiki sai a takarda, kuma cinikinta ya dogara ne ga ɗorewar yaƙin.

Sauran jerin

Littattafai shida sun biyo baya daga 2002 zuwa 2012. Na uku, The Well of Lost Plots, ya ci kyautar Wodehouse ta adabin barkwanci a 2004. Marubucin ya sanar da na takwas mai suna Dark Reading Matter.