Jami'ar Da Ke Tafiya A Kan Teku

A watan Satumba na shekarar 2010 na kai wa kawuna ziyara a Takoradi, garin nan na bakin teku a yammacin Ghana, inda ya daɗe yana sayar da goro a kasuwa. Wata safiya muna zaune a rumfarsa sai ga ayarin samari da 'yan mata, yawancinsu Turawa, kowa da jaka a baya da gorar ruwa a hannu. Ɗaya daga cikinsu ta tsaya, ta fito da ɗan littafi da biro, ta shiga jero wa Kawu tambayoyi ni kuma ina fassarawa: daga ina goron yake zuwa, nawa ne huhu, me ya sa ba a ɗaurin aure sai da shi. Da ta gama sai Kawu ya ce in tambaye ta ita ma daga ina take. Ta nuna wajen tashar jiragen ruwa, ta ce makarantarsu ce ta tsaya a can, kwana kaɗan za ta yi ta wuce Afirka ta Kudu. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, anya ka ji Turancin da kyau? Makaranta ce take tashi?"

Na ji da kyau. Jirgin sunansa MV Explorer, shirin kuma shi ne Semester at Sea, wato zangon karatu a teku, kuma a wannan tafiyar har Akbishop Desmond Tutu yana cikin jirgin tare da ɗaliban. Tun daga ranar nake bin tarihin wannan makaranta, shi ne kuma nake so in kawo wa mai karatu yau, domin akwai wata gardama a cikinsa da ta kai shekara ɗari ba a raba ta ba.

Abin ya samo asali ne daga wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York mai suna James Edwin Lough. Ra'ayinsa shi ne ɗalibi ba ya sanin abu sani na haƙiƙa sai ya gan shi da idonsa ya taɓa shi da hannunsa, don haka maimakon a kawo duniya cikin aji ta hanyar littafi, gara a ɗauki ajin a kai shi duniya. Da farko jami'arsa ta ba shi goyon baya, amma kafin tafiya ta kankama sai ta janye sunanta daga shirin. Duk da haka, ranar 18 ga Satumba 1926 jirgin SS Ryndam na kamfanin Holland America ya tashi daga Hoboken a jihar New Jersey ɗauke da ɗalibai kimanin 500, yawancinsu maza, tare da malamansu. Shugaban wannan jami'a ta kan ruwa shi ne Charles Thwing, tsohon shugaban Jami'ar Western Reserve. Har jarida ɗaliban suke bugawa a cikin jirgin mai suna The Binnacle, a ƙarƙashin kulawar Henry J. Allen, tsohon gwamnan jihar Kansas.

Sun shafe fiye da wata bakwai suna zagaya duniya. Sun bi ta Kyuba da mashigin Panama da Hawai, suka isa Japan da Sin da Filifin da Siyam, wato Tailan ta yau, suka ratsa Indiya da Masar, suka zagaya Turai, sannan suka dawo New York a watan Mayu na 1927. A hanya sun gana da Sarkin Siyam, da Mussolini, da Paparoma Pius na 11. Sai dai ba wannan ne jaridun Amurka suka fi yayatawa ba. Abin da ya cika shafukansu shi ne labarin shaye-shaye da soyayya da rashin ɗa'ar wasu ɗalibai a garuruwan da aka sauka, musamman a Japan. Kafin jirgin ya dawo gida har an riga an yanke wa shirin hukunci cewa yawon shaƙatawa ne na 'ya'yan masu kuɗi aka lulluɓe da rigar karatu.

A shekarar 2023 wata masaniyar tarihi 'yar Ostireliya, Tamson Pietsch, ta fitar da littafi a kan wannan tafiya mai suna The Floating University. Abu biyu na ƙaru da su a ciki. Na farko, rigimar ba ta tsaya ga giya da rawa ba, rigima ce a kan wa ke da ikon ya ce wannan ilimi ne wancan ba ilimi ba ne, a daidai lokacin da jami'o'i suke ƙoƙarin tabbatar da cewa sani sai ta hannun ƙwararrunsu da ɗakunan karatunsu. Na biyu, ɗaliban ba su ga duniya da ido tsirara ba. Yawancin tashoshin da suka fara sauka wurare ne da ke ƙarƙashin ikon Amurka ko inuwarta, sauran kuma da yawa suna hannun Turawan mulkin mallaka, masu masaukinsu kuwa jakadu ne da 'yan kasuwa da 'yan mishan. Ke nan sun tafi da Amurka a cikin jakarsu, da yawansu kuma ita suka gano suka dawo.

Bayan wasu 'yan yunƙuri da ba su ɗore ba, sai maganar ta kwanta har zuwa 1963, lokacin da jirgin Seven Seas ya tashi daga New York da ɗalibai 275. Ba da daɗewa ba Kwalejin Chapman ta Kalifoniya ta karɓi shirin, ta yadda darussan cikin jirgi suka zama masu maki da jami'a za ta amince da su. Wannan shi ne abin da Lough ya nema ya rasa. Daga nan sai wani hamshaƙin mai jiragen ruwa na Hong Kong, C. Y. Tung, ya shigo ciki. A 1970 ya sayi tsohon jirgin nan Queen Elizabeth, wanda a zamaninsa babu jirgin fasinja da ya kai shi girma, ya sa masa suna Seawise University. Ana dab da gama gyaransa, ranar 9 ga Janairu 1972, gobara ta tashi a cikinsa a tashar Hong Kong, ruwan da aka yi ta kwarara masa don kashe wutar ya rinjaye shi ya kwanta a gefe guda. Wanda ya kalli fim ɗin James Bond na 1974 ya ga gawar wannan jirgi. Wani jirgin na Tung, wanda aka sani da Universe, shi ya ci gaba da ɗaukar ɗalibai shekara da shekaru. Sunan Semester at Sea ya zo ne a ƙarshen shekarun 1970, kuma shirin ya zauna a hannun Jami'ar Pittsburgh daga 1981, ya koma Jami'ar Virginia a 2006, sannan Jami'ar Jihar Colorado a 2016.

To yaya rayuwar ɗalibi take a ciki? Tafiya guda tana ɗaukar kwana ɗari da 'yan kai, ana sauka a ƙasashe goma ko kusa da haka. Babu Asabar babu Lahadi: muddin jirgi yana kan ruwa ranar karatu ce, idan ya tsaya a tasha kuma ranar fita ce. Akwai darasi guda na nazarin duniya da ya wajaba a kan kowa, inda ake shirya ɗalibai kafin kowace ƙasa. Ɗaki ƙarami ne, galibi mutum biyu, intanet kuma a gwargwado ake ba da ita. Idan teku ta yi fushi malami yana riƙe da teburi yana koyarwa, ɗalibi yana fama da tashin zuciya. Idan gabas aka nufa, dare bayan dare ana tura agogo gaba da awa guda, barci yana raguwa jarrabawa tana matsowa. Ranar da aka tsallake layin da ya raba duniya biyu akan yi bikin ma'aikatan jirgi na gargajiya, a sumbaci kifi, wasu su aske kai ƙwal. Wanda kuma ya makara wajen dawowa jirgi, a tasha ta gaba za a tsare shi wasu awoyi abokansa suna gari. Malami da ɗalibi a ɗaki ɗaya suke cin abinci, babu inda wani zai ɓuya wa wani. Ni a ganina wannan zaman cuɗanya na dole shi ne rabin karatun.

Akwai kuma haɗari na gaske. A 1996 motar da ta ɗauko wasu daga cikinsu ta kife a Indiya a hanyar Agra, ɗalibai huɗu suka rasu. A Janairun 2005 wata ƙatuwar igiyar ruwa ta daki MV Explorer a arewacin tekun Pasifik, ta fasa gilashin ɗakin tuƙi, ta taɓa injuna, sai da jirgin ya lallaɓa zuwa Honolulu. A 2020 kuma annobar korona ta yanke tafiyar wannan zangon a Cape Town.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan gardama. Karin maganarmu ce ta ce tafiya mabuɗin ilmi, da ita kuma Abubakar Imam ya raɗa wa littafinsa suna bayan ya je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma. Amma tarihin jirgin nan ya nuna mini cewa mabuɗi kawai tafiya take, ba ita ce ɗakin ba. Ɗalibin da ya sauka kwana huɗu a Ghana, aka kai shi kurkukun bayi na Elmina da Cape Coast, ya ga abin da littafi ba zai iya nuna masa ba, wannan gaskiya ne, kuma ban raina shi ba. Sai dai kwana huɗu suna iya sa mutum ya ɗauka ya san ƙasa alhali bakin ƙofarta kawai ya leƙa. Ga kuma tsada, domin kuɗin zango guda dubban daloli ne masu yawa, shi ya sa har yau mafi yawan masu hawa daga ɓangare guda na duniya suke fitowa, mu kuma mu ne darasin da ake saukowa a karanta.

Da yamma na yi wa Kawu bayanin yadda makarantar take, har da cewa tambayoyin da yarinyar ta yi masa wataƙila maki za a ba ta a kansu. Ya yi shiru yana jujjuya goro a hannu. Mutum ne da ya baro gida yana saurayi, ya bi hanyar da kakanninmu fatake suka bi zuwa Gwanja, ya zauna a Kumasi kafin Takoradi, yana jin Tuwi da Fanti kamar a nan aka haife shi. Can sai ya ce, "Ashe mu ma jami'a muka yi, ɗan nan. Takardar ce kawai babu mai ba mu." Na yi dariya a lokacin, amma da na karanta labarin Lough da jami'ar da ta juya masa baya sai na ga maganar Kawu ita ce dai gardamar 1926. Bayan kwana biyu muka je bakin teku, muka hango jirgin yana fita, fitilunsa a kunne. Kawu ya ɗaga hannu ya ce Allah ya kai su lafiya, muka juyo don kada magariba ta same mu a hanya.