Zinare da Gubar Dalma a Ƙauyukan Zamfara

Haƙar zinare tsohuwar sana'a ce a ƙasar Zamfara, amma ba ta zama ruwan dare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba sai wajajen 2008, da farashinsa ya tashi a kasuwannin duniya. Manoma suka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka zuwa gida. Ana daka su a turmin surfe, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe duwatsun cike suke da dalma.

A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da yara na ta farfaɗiya suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Sama da 400 suka rasu. Aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje, aka ba yara maganin DMSA, wanda ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aikin ya iske shi.

Yunwa ta ƙara dagula lamarin. Hanji na ɗaukar dalma ta hanyoyin da yake ɗaukar sinadaran ayon da kalsiyam, don haka yaron da ya rasa su, ko ya wuni ciki wayam, ya fi kwasar gubar. Nono da wake da zogale da hanta suna rage wannan. Amma dalmar da ta riga ta shiga ƙashi takan yi shekaru gommai kafin ta fita.