Benen Badagry da Akwatin Kakana



Wata Lahadi da ba mu buɗe shago ba, na bi wani abokina Bayarabe daga Agege zuwa Badagry. Ya kai ni wani tsohon gida a bakin ruwa da suke kira bene na farko a Nijeriya, duk da dai hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi nesa ba kusa ba. 'Yan mishan na CMS ne suka kammala shi a 1845, yanzu kuma gidan tarihi ne. A ciki aka nuna mana tsohon Baibul na Turanci da na Yarabanci, wato fassarar da Samuel Ajayi Crowther ya jagoranta.

Shi Crowther yana yaro aka kama shi bawa a 1821. Jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822, aka sauke shi a Saliyo. Ya iso Badagry a 1845, ya zama bishop a 1864.

To, da na dawo na ci gaba da karatu, sai na ga ashe da hannun Bahaushe a wannan tarihi. A 1841 Crowther ya bi kogin Kwara tare da wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Schön, wanda ya duƙufa kan Hausa. Daga baya Schön ya yi aiki da Dorugu, yaron da Barth ya kai Ingila a 1855, kuma daga bakinsa ya rubuta labaran da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Cikakken Baibul na Hausa kuwa sai 1932 ya fito.

Ni Musulmi ne, kallo ya kai ni, amma da kunya na dawo. Domin kuwa a bayan shagonmu akwai akwatin ƙarfe na kakana, cike da wasiƙun cinikin goro da ajami tsakanin Shagamu da Kano. Gara ta ci kusan rabi, bara ma Baba ya so ƙona sauran.

Jiya na ɗauki hotonsu duka, saura in sami dattijon da zai karanta mini. Jama'a, kowa ya duba akwatin gidansu tun masu iya karatun suna raye.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.